Sankarar Hanji: Tambayi Tarihin Gidanku Kafin Ka Ce Basir Ne

Duk wanda ya taɓa cinikin saniya a kasuwar shanu ta Iware, kusa da Jalingo, ya san mai saye ba ya tsayawa ga ƙiba kawai, sai ya tambayi asalinta. Makiyayi ya san abin da ke jini yana bin zuri'a. Mai karatu, haka lamarin yake ga ɗan Adam, har a batun sankarar babban hanji.

Mafi yawan masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba. Amma kusan kashi 3 cikin 100 suna da abin da likitoci ke kira larurar Lynch, sunan wani likita ɗan Amurka, Henry Lynch. Su an haife su ne da naƙasa a ƙwayoyin gado masu gyara kuskure a lokacin da ƙwayoyin jiki ke rarrabuwa. Idan uba ko uwa na ɗauke da ita, kowane ɗa, mace ko namiji, yiwuwar ya gaje ta rabi da rabi ce. Ciwon kan bayyana da wuri, sau da yawa kafin shekara 50, kuma mata na fuskantar haɗarin sankarar mahaifa.

Irin ƙwayoyin gadon da ke cikin tsiron na da tasiri kan yaɗuwarsa. Sankarar hanji kan fara tsallakawa zuwa hanta ne, domin jinin da ke fitowa daga hanji can yake zarcewa. Sai dai tsiron da ke da naƙasar gyara kuskure bai cika yaɗuwa kamar sauran ba, kuma yana jin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka wallafa a 2021 tare da takwarorinsu na Amurka ya gano irin wannan alama a sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tsiron 'yan Nijeriya da aka gwada.

To, me ya kamata ka yi? Zauna da dattawan gida ka tambaya: wa ya taɓa fama da ciwon hanji ko na mahaifa, kuma yana ɗan shekara nawa? Idan mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwanka na jini ya kamu, likitoci na ba da shawarar a fara leƙa hanjinka da na'ura daga shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ya kamu.

Jini a bayan gida, rama ba dalili, ko canjin bahaya na makonni, kada ka yanke hukuncin basir ne ka tsaya ga jiƙo. Je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, ka faɗa wa likita tarihin gidanku dalla-dalla. Tsiron da aka cire tun bai bar hanji ba, galibi ana warkewa da yardar Allah.