Daga Fadama Zuwa Kwamfuta: Kafin Magidanci Ya Sauya Sana'a

A Jahun da sauran garuruwan da ke kwarin Kogin Haɗeja, ambaliyar 2022 ta tuna mana cewa sana'a guda ba kullum take riƙe gida ba. Ba mamaki idan yau malamin makaranta ko ɗan kasuwar hatsi ya fara tunanin komawa harkar fasahar zamani.

Ƙofa a buɗe take. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan 3 a fannoni irin su rubuta manhaja, nazarin bayanai da tsaron intanet. Hukumar NITDA, wadda ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya fara shugabanta a 2019, tana cikin masu gudanar da shi.

Sai dai horo ba albashi ba ne. Mai koyo yakan shafe watanni bai ga kwabo ba, ga kuɗin data, ga matsalar wuta, alhali ciyar da iyali wajibi ne da ba ya jira. Don haka kada mu saki reshe mu kama ganye: mu riƙe tsohuwar sana'a da rana, mu koyi sabuwa da dare. Tsohuwar ma jari ce, domin wanda ya san farashin shinkafa da lokacin ban ruwa shi ya fi sanin manhajar da manomi ke buƙata.

Mu yi shawara da iyali, mu yi istihara, sannan mu ɗaga ƙafa. Allah Ya sa wa nemanmu albarka.