Cin Rani da Rabon Ayyuka a Jamhuriyar Benin

Wanda ya bi ta unguwar Zango a Kwatano, ya zarce zuwa Gbégamey, zai ci karo da mahauta da 'yan canji da masu tallar kayan koli. Da yawansu daga arewa suka gangaro, wato Malanbil da Kandi da Paraku, wasu kuma daga Nijar da Nijeriya. Hausa na cikin harsunan da suke ciniki da su.

Dalilin wannan kwarara shi ne arziki bai zauna daidai a ƙasar ba. Kudu ke da teku. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, ayyukan fito da dako da sufuri suka taru a nan, ga ma'aikatun gwamnati da bankuna. Ga kuma Legas a kusa, inda ake tsallakar da shinkafa da motoci. Layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa a Paraku ya tsaya a 1936, bai kai bakin Kwara ba.

Arewa kuwa noma da kiwo ne ƙarfinta. Auduga, wadda ke kan gaba a amfanin gonar da Benin ke fitarwa, a yankunan Alibori da Borgu aka fi noma ta, musamman Banikoara. Sai dai damina ɗaya ake yi a can, alhali kudu na samun biyu. Da zarar an kammala girbi, matashi ba shi da abin yi har wata biyar ko shida, sai ya tafi cin rani. Abin lura shi ne, ana gurzar audugar a arewa, amma masaƙun zamani da aka kafa bayan 2020 a Glo-Djigbé suke, kusa da Kwatano. Ke nan aikin albashin ya sake faɗawa kudu.

Fifikon kudu ma yana da rauni, domin ya rataya ne a kan maƙwabta. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ciniki ya ja baya ƙwarai a Kwatano. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi cirko-cirko, 'yan albasa suka koma tsallaka kogi da kwalekwale.