Kwabon Mai Karatu da Ya Kasa Isa Hannun Marubuci

A shekarar 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ciniki a sarari yake: ka ba da kwabo, a miƙa maka jarida. Da karatu ya koma intanet sai wannan hanya ta toshe. Mai karatu ba ya biyan ko anini, marubuci kuwa ya dogara ga masu talla, su kuma masu tallar suna bin sawun mai karatu daga shafi zuwa shafi, suna tattara labarinsa.

Dalilin toshewar ba ɓoyayye ba ne. A Amurka, kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta kati sukan cire kusan kashi 3 cikin ɗari, da ƙarin santi 30, a kan kowane ciniki. To, wanda ya so ya biya santi 5 don labari guda, kuɗin aike ya ninka saƙon sau shida. Tun cikin shekarun 1990 masu tsara intanet suka keɓe lamba 402 don shafin da sai an biya, amma aka daɗe ƙwarai ba a mori lambar ba.

Wannan ne ya sa waɗansu suka ce a ɗora wa burauza aikin, watau manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. A 2018 wani Bajamushe, Stefan Thomas, ya kafa kamfanin Coil. Mutum ya biya dala 5 a wata, sa'an nan duk shafin da ya buɗe, muddin mai shi ya shiga tsarin, kuɗi na ɗiga masa kamar ruwan indararo, kimanin santi 36 a awa guda. Babu tambaya, babu danna komai. Wannan dabara ce mai kyau, domin tun 1999 masani Nick Szabo ya nuna cewa abin da ke gajiyar da mutum ba yawan kuɗin ba ne, tsayawa ne a kowane shafi yana lissafin ko ya cancanci a biya.

Amma fa kasuwar ba ta ci ba. Masu karatu na jiran shafuka su yawaita, masu shafuka na jiran masu biya. Ko da asusun dala miliyan 100 da aka sanar a 2019 tare da Mozilla da Creative Commons, Coil ya rufe a watan Maris na 2023. Flattr na ƙasar Suwidin, wanda ya soma tun 2010, shi ma ya bi baya a wannan shekarar.

Brave, burauzar da Brendan Eich ya fitar a 2016, ita ce ta rayu, sai dai a duba yadda ta yi. Takan toshe tallan shafi, ta nuna nata, ta ba mai kallo ladan kuɗin intanet mai suna BAT, wanda in ya ga dama ya kyautar ga marubuci. A ganina an kori talla ta ƙofa ne ta dawo ta taga.

Tsarin da Coil ya bari yana hannun gidauniyar Interledger, wadda ta ci gaba da neman a mai da shi ƙa'idar da kowace burauza za ta bi. Sai dai burauzar da mafi yawan jama'a ke aiki da ita, Chrome, ta Google ce, kuma mafi yawan arzikin Google daga talla yake fitowa.