Sauya uwar kwamfuta: kada a kwashe hatsi a bar turmi da rariya

A Maraɗi, aikin ofis yana ta barin manyan littattafai yana komawa cikin kwamfuta. Tun bayan dokar ranar 1 ga Yuli 2019 da ta sabunta tsarin rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Nijar, ana ƙoƙarin shigar da waɗannan rajistoci cikin na'ura. Gidajen likita na aika rahotonsu na wata ta manhajar DHIS2, bankuna da asusun ajiya da bashi kuwa sun daɗe da dogara ga kwamfuta.

Irin waɗannan bayanai suna zaune ne cikin babbar na'ura guda, uwar kwamfuta, wadda sauran na'urorin ofis ke ɗiba daga gare ta. Zafi, ƙura da ɗaukewar wuta suna tsufar da ita, kuma wata rana dole a sauya ta. A ranar ƙaurar ne ake yawan tafka kuskuren da ke komawa kan talaka.

Abin da ake mantawa

Rumbun bayanai kamar rumbun hatsi ne. Mai ƙaura da ya kwashe gero kaf amma ya bar turmi da rariya a tsohon gida, yana da abinci, sai dai ba zai ci tuwo ba. A kwamfuta, turmi da rariya su ne ƙananan manhajojin da ke karɓar bayanai daga wurare daban-daban, su tace, su daidaita, sannan su zuba a rumbu.

Aikinsu ba ƙarami ba ne. Wani ma'aikaci zai rubuta Djiratawa, wani Djirataoua, wani Jiratawa; manhajar ce ke gane cewa gari ɗaya ne na yankin Madarunfa. Ita ce ke bambanta Tibirin Gobir na jahar Maraɗi da Tibirin jahar Doso. Ita ce ta san inda za ta ajiye dattijon da takardarsa ke ɗauke da shekarar haihuwa kaɗai, ba rana ba wata. Kuma ita ke kula da kwanan wata: 03/04 a tsarin Faransanci 3 ga Afrilu ne, amma na'urar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta 4 ga Maris.

Matsalar ita ce, galibi ba a cikin rumbun ake ajiye su ba. A manhajar SQL Server 2000 ta kamfanin Microsoft, ana kiran su DTS, kuma yawanci suna zaune a wani rumbu na daban mai suna msdb, tare da jadawalin ayyukan da na'ura ke yi da kanta cikin dare. Wanda ya kwafe rumbun ofis kaɗai bai ɗauko su ba. Ga kuma wani tarko: a 2005 kamfanin ya maye gurbin DTS da SSIS, kuma daga fitowar 2012 tsoffin ba sa aiki sai an sake gina su.

Yadda abin ke shafar jama'a

A ranar farko komai zai yi kamar lafiya, domin sunaye da alƙaluma duk suna nan. Sai bayan makonni ɓarnar ke fitowa. A ce uba ya taso daga Tibiri neman kwafin takardar haihuwar ƴarsa mai shirin jarabawar BEPC, ya tarar wata ya koma rana, ko harafin ɗ da ƙ na sunanta sun zama alamar tambaya. Gyaran kuskure a takardar haihuwa yakan kai mutum har kotu, ga kuɗin mota, ga ɓata lokaci.

Ko masu hali ba su tsira ba. A watan Afrilu 2018, bankin TSB na Birtaniya ya ƙaurar da bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu. A Disamba 2022 hukumomi suka ci shi tarar sama da fam miliyan 48.

Rigakafi

Kafin a taɓa komai, a rubuta jerin manhajojin tacewa duka, da aikin kowace da lokacin da take tashi. A fitar da kowace a fayil nata, a ajiye kwafi a wani gini daban. A duba cikinsu, domin suna ɗauke da sunan tsohuwar na'ura da kalmar sirrinta. In ba a sauya ba, za su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. A bar tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare har ƙarshen wata, a gwada alƙalumansu, sannan a kashe tsohuwar. Kada a goge ta da gaggawa, kada kuma a sayar da ita da bayanan mutane a ciki: kare bayanan sirri wajibi ne a dokar ƙasa, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido.

In ɗan kwangila ne ya yi aikin, a sa cikin yarjejeniya cewa zai miƙa manhajojin da bayaninsu a rubuce. Shi kuma mai karɓar takarda, ya karanta suna, ranar haihuwa da sunan gari tun yana gaban ma'aikaci, kafin ya bar ofis.