Daga Ikko Zuwa Jalingo: Tsohon Maigadi Da Karensa

A cikin 'yan Arewa mazauna Kudu akwai wata ƙungiya da ba a cika kula da ita ba, watau tsofaffin masu gadi. Da yawansu sun baro ƙasar Muri tun suna samari, suka yi shekara talatin ko arba'in a bakin ƙofar wani kamfani ko wani attajiri a Ikko, ba su da abokin hira da dare sai kare. To, ran da ƙarfi ya ƙare aka sallami mutum, sai tambaya ta taso: a bar karen a titi ne, ko a tafi da shi gida?

Tafiyar ba wasa ba ce, gama daga Ikko zuwa Jalingo ya fi kilomita 1,000. Mai bin hanyar Gabas zai ratsa Binin, ya haye Kwara a gadar Anaca, ya wuce Inugu, ya shiga ƙasar Binuwai, ya bi ta Gboko da Katsina-Ala da Wukari, sa'an nan Mutum Biyu, kana Jalingo. A Agusta 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke tsakanin Wukari da Jalingo, har matafiya suka koma hayewa da kwalekwale. Direbobin tasha kuwa ba su son ɗaukar kare a tsakiyar fasinja, saboda haka mai kare yakan roƙi wuri a bayan babbar mota wadda ta sauke shanu ko doya za ta koma Arewa. A nan zai zauna da igiya a hannu da jarkar ruwa a gefe, shi tsoho, karen ma tsoho, don kuwa kare mai shekara goma ya riga ya shiga furfura.

Wanda zai yi wannan tafiya ya kamata ya fara zuwa wurin likitan dabbobi a yi wa karen allurar ciwon hauka, ya kuma riƙe katin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu ta cizon kare, kuma yara ne suka fi shiga hatsari. Ga jikoki cike da gidan da za a sauka, ba daidai ba ne a kai musu tsarabar cuta. Game da addini kuwa, malamai sun halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya ba a ɗaukar jikin kare mai rai a kan najasa.

Amma nauyin tafiyar ba a kan hanya yake ba, yana can ƙarshenta. Wani marubuci Ba'amurke, John Steinbeck, ya shiga mota da karensa Charley a 1960, yana da shekara 58 ga kuma rashin lafiya, suka kewaye Amurka, tafiyar wajen mil 10,000. Da ya isa mahaifarsa, Salinas, sai ya tarar garin da ya sani ya ɓace, ya zama baƙo a inda aka haife shi. Littafin tafiyar ya fito a 1962, shi kuwa ya rasu a 1968.

Haka abin yake ga mutumin Muri. Wanda ya bar Jalingo a zamanin Jihar Gongola ya bar garin Sarki ne mai ɗan fili da gonaki kewaye. Tun ran 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, garin ya zama hedkwata, gine-gine suka cinye gonaki, aka kafa jami'a a 2008. Mai komowa zai tarar tsaransa sun yi ƙaranci, gonar gado an raba ko an sayar, 'ya'yan ƙannensa kuma suna gaishe shi da ladabi amma ba su san shi ba. Sau da yawa, a duk faɗin gidan, karen nan ne kaɗai ya san muryarsa da tarinsa na asuba.

Shi ya sa bai kamata a yi wa irin wannan dattijo dariya ba. Mutumin da ya ƙi yar da dabbar da ta yi masa bauta don ta tsufa, yana nuna wa 'ya'yansa ne yadda ake riƙon wanda ƙarfinsa ya ƙare. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Kuɗin da ake aikawa gida ta waya yana sayen hatsi, amma ba ya sa jika ya san fuskar kakansa. Masu sauran ƙarfi a Ikko da Badun da Fatakwal su daure su riƙa leƙa gida ko da sau ɗaya a shekara, tun da sauran waɗanda za su kira su da sunan yarinta. Allah ya sa a koma gida lafiya, amin.