Ina guzurin matafiyi yake zurarewa a ƙasashen waje?

Duk lokacin da makarantu suka yi dogon hutu, ko watan azumi ya kama, iyalai da dama daga Kano, Kaduna, Abuja da Yamai kan kama hanyar Makka, Dubai, Alƙahira, Santambul ko Landan.

Da yawansu kan dawo da ƙorafi iri ɗaya: kuɗin da suka yi lissafin zai kai mako biyu ya ƙare cikin kwana goma, alhali ba a yi musu sata ba, ba su kuma yi wata almubazzaranci ba.

Sau da yawa asarar tana aukuwa ne a wurin canji. Duk lokacin da kuɗi ya tashi daga wani nau'i ya koma wani, akwai wanda yake yankar rabonsa, kuma matafiyi ba ya cika ganin yankan domin an ɓoye shi a cikin farashi.

Farashi biyu a allo ɗaya

Kowane ɗan canji, daga na kasuwar Wapa da ke Kano har na filin jirgin saman Jidda, yana da farashi biyu: wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Tazarar da ke tsakani ita ce ribarsa.

Saboda haka allon da aka rubuta cewa ba a karɓar la'ada bai nuna komai ba. Tambayar da ta dace ita ce: idan na ba ka dala 500, nawa za ka danƙa mini a hannu?

Wanda ya sayi dala da naira a gida, ya mayar da ita riyal a Saudiyya, sannan ya dawo da ragowar riyal ya sayar, ya biya wannan tazara sau uku. Wanda ya biya ta Dubai ya canza riyal zuwa dirhami ya ƙara ta huɗu.

Wuraren canji na filayen jiragen sama da na otal-otal su ne suka fi faɗin tazara, domin sun san baƙon da ya sauka a gajiye ba shi da zaɓi. Abin da ya kamata a canza a can bai wuce na mota, abinci da layin waya na yinin farko ba.

Kuɗin da aka ɗaure da wanda aka saki

Kafin tafiya, abu na farko da ya kamata mutum ya sani game da kuɗin ƙasar da zai je shi ne ko an ɗaure darajarsa da wani kuɗi, ko kuwa kasuwa ce take yanke masa farashi.

Tun shekarar 1986 Saudiyya ta tsayar da riyal a kan 3.75 a kowace dala. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta tsayar da dirhami a kan 3.6725 tun 1997.

Wannan yana sauƙaƙa lissafi ƙwarai. Dala 1,000 riyal 3,750 ce, kuma duk abin da aka ba mutum ƙasa da haka shi ne kuɗin da ya biya na canji. Idan aka ba shi a kan 3.60, ya tafi da riyal 3,600, wato ya bar 150 a kan kanta. A shagunan canji na cikin gari, inda gasa take da yawa, farashin kan matso kusa da na hukuma.

Ma'anar haka ga mai zuwa Umara ko Dubai ita ce babu wata ranar sa'a da zai jira a can. Wurin da zai yi riba ko asara shi ne gida, ranar da ya sayi dala da naira.

Ga mutanen Nijar, Kamaru da Chadi, ɗaurin da yuro yake. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Wanda zai tashi daga Maraɗi zuwa Faransa ba shi da dalilin bi ta kan dala, domin zai biya tazara biyu a inda ɗaya ta isa.

Sai dai sefa tana da nata tarkon. Sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban ne, kuma ta Yamai ba ta sayen kaya a shagon Injamena sai an canza. A wajen yankunan biyu kuwa, da wuya a sami mai karɓarta a farashin kirki.

Masar da Turkiyya labarinsu daban. A ranar 6 ga watan Maris na 2024 Masar ta saki kuɗinta, inda dalar da ake sayarwa kusan fam 31 ta koma kusan fam 50 a yini guda. Baƙon da ya canza dukan guzurinsa kwana ɗaya kafin nan ya rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Lirar Turkiyya kuwa ta shafe shekaru tana faɗuwa, har hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022.

A irin waɗannan ƙasashe, gara mutum ya riƙe dalarsa yana canzawa kaɗan-kaɗan, gwargwadon buƙatar kwana biyu ko uku.

Ita kanta naira tana cikin wannan rukuni. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake ta, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda yake tara kuɗin tafiya da naira na tsawon watanni yana iya iske kuɗin nasa sun ƙanƙance kafin ranar tashi.

Tsaba ko kati?

Tsofaffin alhazai za su tuna da cekin matafiya, wanda kamfanin American Express ya fara fitarwa a 1891. Amfaninsa shi ne idan ya ɓace ana iya biyan mai shi. Yanzu ya zama tarihi, kati ya maye gurbinsa.

Ga ɗan Najeriya, batun kati ya sha sauyawa. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a watan Yulin 2025 wasunsu suka sake buɗewa, kowanne da nasa iyakar.

Haka kuma a watan Fabrairun 2024 Babban Bankin ya umarci bankuna su daina biyan guzurin matafiya na PTA, wanda iyakarsa dala 4,000 ce a wata uku, da tsabar kuɗi, sai ta kati ko wata hanyar lantarki.

Don haka kafin sayen tikiti ya kamata mutum ya ji daga bakin bankinsa: shin katin yana aiki a ƙasar da za a je, nawa ne iyakarsa a yini da a wata, kuma da wane farashi ake lissafin dala? Katin da yake da alamar Visa ko Mastercard shi ne ya fi karɓuwa a waje. Wanda yake haɗe da asusun dala ya fi sauƙin lissafi, domin an riga an sayi dalar, faɗuwar naira ba ta shafe shi ba.

Akwai wata tambaya da na'urar biyan kuɗi ko ta ATM kan yi wa baƙo, wadda take kama da taimako: a cire da kuɗin ƙasar da kake, ko da dala?

Mutane da yawa kan zaɓi dala saboda ita suka fi ganewa. Yin haka yana ba kamfanin na'urar damar yanke farashin canji da kansa, kuma galibi nasa ya fi na kamfanin kati tsada. A Makka a zaɓi riyal, a Dubai dirhami, a Landan fam.

Na'urorin ATM kuma kan caji wani tsayayyen kuɗi a kowace cira, ko mai yawa aka ɗauka ko kaɗan. Cira biyar ƙanana ta fi babba guda ɗaya tsada.

Otal-otal da kamfanonin hayar mota suna da al'adar riƙe wani adadi a kan kati a matsayin jingina. Ba cirewa suka yi ba, amma mai katin ba zai iya taɓa kuɗin ba, kuma sakinsu kan ɗauki kwanaki bayan an bar masaukin. Iyalin da suka zuba dukan guzurinsu a kati ɗaya suna iya tsintar kansu a kanti, kuɗi yana nan a asusu amma na'ura ta ƙi biya.

Masu riƙe da katin bashi, wanda bai yawaita a Najeriya ba, su sani cewa cirar tsaba da shi kan fara tara kuɗin ruwa tun daga ranar, abin da mai gudun riba zai so kauce wa.

Tsabar ma tana da sharuɗɗanta. Gwamnatin Amurka ta ce duk takardun dala, tsoho da sabo, halastattu ne, kuma a 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da 'yan canji su riƙa karɓar tsofaffi da ƙanana. Duk da haka a ƙasashe da dama ana karya farashin tsohuwar takarda, ko a ƙi ta idan ta yage ko an yi rubutu a kanta. Takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda aka fitar a watan Oktoban 2013, ita ce ba a cika gardama a kanta ba. Lokacin duba takardun shi ne a gaban wanda ya sayar da su, kafin a bar wurin.

A ganina, rabawa gida uku ta fi: tsabar kashewa ta yau da kullum a jiki, babban kaso a kati, da kuma wani abu da aka ware a wuri daban, ko a hannun matar gida, wanda ba a taɓawa sai tafiya ta rikice. Jirgi kan yi jinkiri, yaro kan yi zazzaɓi, kuma asibiti a Dubai ko Landan yana da tsada ga wanda ba shi da inshora.

A gaban jami'an kwastan

A nan ne kuskure ya fi tsada, domin ana iya rasa kuɗin baki ɗaya.

Dokar hana halasta kuɗin haram ta Najeriya ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shiga da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa hukumar kwastan. Wanda ya ɓoye yana iya rasa kuɗin, ko a ɗaure shi na aƙalla shekara biyu, ko a haɗa masa duka.

Tarayyar Turai tana neman bayani daga yuro 10,000, Birtaniya daga fam 10,000, Amurka kuma sama da dala 10,000. A ƙa'idar da Saudiyya take aiki da ita a 2024, iyakar riyal 60,000 ce, kwatankwacin dala 16,000, kuma ana lissafawa har da zinari da kayan ado masu tsada. Hajiyar da ta sayi sarƙa da awarwaro a Jidda ya kamata ta haɗa su cikin lissafi, ta kuma adana rasit.

Bayyanawa ba haraji ba ce, ba a kuma karɓar komai a kanta. Takarda ce ake cikewa, wani lokaci a nemi shaidar inda kuɗin ya fito. Da yake ƙasashe kan sauya adadin, yana da kyau a duba shafin hukumar kwastan ta ƙasar kafin a tashi.

Wani abin da ke jefa mutane cikin matsala shi ne saƙo. Maƙwabci ya ba da ambulan a kai wa ɗansa ɗalibi a Alƙahira, aboki ya ba da nasa na sayen kaya. Kunya takan hana a ƙirga. A wurin jami'in kwastan kuwa, duk abin da aka samu a jakar mutum nasa ne, kuma jimilla ake dubawa.

Tsaraba

Babu kasafin tafiyar Bahaushe da zai cika ba tare da tsaraba ba, kuma ita ce aka fi mantawa da ita wajen lissafi. Ana ware na tikiti, masauki da abinci, a bar tsaraba ga abin da ya rage. Daga nan sai a tuna da surukai, a tuna da maƙwabta da abokan aiki, a ci kuɗin kwanakin ƙarshe a kasuwa.

Wanda ya rubuta sunaye tun daga gida, ya sa adadi a gaban kowanne, ya ware kuɗin a wuri guda, ya fi samun sauƙi. Ya kuma tuna cewa dabino, darduma da jallabiya suna da nauyi, kuma kuɗin kayan da suka wuce awo a filin jirgi yana iya fin kuɗin kayan kansu.

Farashin kaya ma yana ɗauke da haraji. Saudiyya ta ɗaga harajin VAT zuwa kashi 15 cikin 100 a watan Yulin 2020. A Dubai kashi 5 ne tun 2018, kuma baƙo yana iya neman a mayar masa da mafi yawansa idan ya yi sayayyar dirhami 250 zuwa sama a shagon da ke cikin tsarin, muddin an yi masa rajista da fasfo a lokacin saye, ya kuma tantance a filin jirgi kafin ya miƙa kaya. Birtaniya ta soke irin wannan rangwame ga baƙi tun watan Janairun 2021.

Ragowar kuɗi kuwa, sulalla ba sa canzuwa a gida, gara a kashe su kafin a hau jirgi. Fam ɗin Masar da lira ma gara a rabu da su a can. Takardun riyal da dirhami, tunda a ɗaure suke da dala, mai niyyar komawa baɗi yana iya ajiye su, su biya masa motar da za ta ɗauke shi daga filin jirgi.