Harshe da Haɗarin Mota: Nazari a kan Kalmomin "Haɗari" da "Tsautsayi" a Hausa

1.0 Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai haɗarin mota kisan masu shekara 5 zuwa 29. Saboda haka ne masana suke lissafa shi cikin matsalolin lafiyar al'umma, kamar zazzaɓin cizon sauro, wato abin da ke da sababi, yake kuma da rigakafi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa harshe yana da hannu a wannan rigakafi.

2.0 Haɗari da Tsautsayi

Kalmar "haɗari" ko "hatsari" an aro ta ne daga Larabci, inda take nufin abin tsoro da ake hangowa. Wannan ma'ana tana nan a Hausa, domin akan ce "kwanar nan tana da haɗari" tun kafin kowa ya faɗi a cikinta. Ke nan kalmar tana ɗauke da gargaɗi. Ita kuwa "tsautsayi" tana nufin musibar da ta auku ba zato, shi ya sa Bahaushe kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Idan aka kira gudun wuce sa'a ko lodin wuce ƙima da sunan tsautsayi, to an rufe ƙofar tambayar wanda ya yi sakaci.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan matsala ba. A 2001 mujallar likitoci ta Ingila, British Medical Journal, ta hana marubutanta amfani da kalmar "accident", bisa hujjar cewa tana nuna abin da ba shi da makawa.

3.0 Ɓoye Aikau

Ginin jumla ma yana taka rawa. Dubi waɗannan misalai:

(a) Mota ta ƙwace.
(b) Taya ta fashe.
(c) Haɗari ya rutsa da su.

A dukkansu aikau ba mutum ba ne. Direban da ya kwana bai yi barci ba, da mai motar da ya sayi tsohuwar taya, sun ɓace daga zancen. Jumla kamar "direba ya wuce mota a kan kwana" kuwa tana bayyana sababi, ta kuma koyar da darasi.

4.0 Kammalawa

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, wayar da kan jama'a yake cikin ayyukanta. Amma saƙon da ake kaiwa tashoshin mota da gidajen rediyo ba zai yi tasiri ba in an cika shi da kalmomin da ke wanke mai laifi. Imani da ƙaddara bai hana ɗaukar mataki ba, domin malamai sun bambance tawakkali da sakaci. Hausa kuma tana da karin magana irin su "sauri ya haifi nawa" da "rigakafi ya fi magani". Ya rage ga masana harshe, da masu fassara, da 'yan jarida su bar "tsautsayi" a bakin mai ta'aziyya, su riƙe "haɗari" da "ganganci" a wajen rahoto.